Hukuncin Hukumar Gari Ta Sayi Filin Da Aka Bari Kango Domin Ta Raya Shi

Tambaya

A garinmu akwai wani babban fili a tsakiyar unguwanni, ya daɗe babu gini babu noma, har ya zama juji da maɓoyar ɓata-gari. Majalisar gari tana shawarar ta saye shi da kuɗin jama'a, ta gina asibiti ta fitar da hanya, sauran kuma ta ba wa 'yan kasuwa su gina kantuna da gidajen sayarwa. Wasu daga cikin masu filin sun yarda, wasu sun ƙi. Mene ne hukuncin wannan sayen? Kuma ya halatta a tilasta wa waɗanda suka ƙi?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: a fara sanin matsayin filin

Kasancewar fili babu gini a kansa ba ya nufin ba shi da mai shi. Malaman fiƙihu sun rarrabe filayen da ba a amfani da su, kuma kowane kashi da hukuncinsa.

Akwai matacciyar ƙasa, wadda ba mallakar kowa ba ce kuma babu haƙƙin kowa a kanta. Wannan ba ta buƙatar saye, shugaba yana da ikon tsara ta da raba ta. A mazhabar Malikiyya, idan tana kusa da gari ba a raya ta sai da izininsa.

Akwai filin da shugaba ya yanka wa mutum domin ya raya shi, sai ya killace ya bari. An ruwaito cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya yanka wa Bilal ɗan Haris Almuzani ƙasa a kwarin Aƙiƙ, da Umar ya zama halifa sai ya bar masa abin da zai iya rayawa, ya karɓe sauran ya raba wa Musulmi.

Akwai filin amfanin kowa, kamar makiyaya da burtali da filin Idi da maƙabarta da magudanar ruwa. Wannan ba a sayar da shi ga ɗaiɗaikun mutane, domin haƙƙin mutanen gari ne baki ɗaya.

Sai filin da mutum ya mallaka ta hanyar saye ko gado ko kyauta. Wannan yana nan a mallakarsa ko da ya shekara nawa bai taɓa shi ba. Ibn Abdil Barr ya hakaito haɗuwar malamai a kan cewa ƙasar da aka san mai ita ba ya halatta wani ya mallake ta da sunan rayawa. A zahirin tambayar, filinku daga wannan kashi yake.

Na biyu: saye da yardar mai fili

Wannan halal ne, kuma shi ne asali. Allah Maɗaukaki ya hana cin dukiyar mutane da ɓarna a Suratun Nisa'i, aya ta 29, ya halatta cinikin da aka yi bisa yardar juna.

Masallacin Annabi kansa a kan irin wannan fili aka gina shi. Wurin shanya dabino ne na wasu marayu biyu, Sahlu da Suhailu, waɗanda ke hannun As'ad ɗan Zurara, kuma akwai kufai da tsoffin kaburburan mushrikai da itatuwan dabino a ciki. Bukhari ya ruwaito cewa yaran sun so su bayar da shi kyauta, Annabi ya ƙi karɓa sai da ya saya. Masu tarihi sun ambaci cewa kuɗinsa dinari 10 ne. Idan aka biya marayu kuɗin filin da za a gina masallacin Manzon Allah, to wane aiki ne zai fi ƙarfin biya?

Haka nan Nafi'u ɗan Abdul Haris, gwamnan Umar a Makka, ya sayi gidan Safwan ɗan Umayya a kan dirhami 4,000 domin a mayar da shi gidan kaso, da sharaɗin Umar ya amince. Wannan dalili ne cewa hukuma tana iya saye da dukiyar baitulmali, kuma wakili ba ya zartar da babban ciniki sai da amincewar na sama da shi.

Sai dai kuɗin da za a biya amana ne. Malamai sun ƙa'idantar da cewa aikin shugaba a kan talakawansa yana rataye da maslaharsu, Imam Shafi'i ma ya kamanta matsayinsa da na waliyyin maraya. Saboda haka wajibi ne majalisa ta duba waɗannan kafin ta yanke shawara:

1. Buƙatar ta zama ta gaskiya, kuma babu abin da ya fi ta gaggawa. Ba a sayen fili alhali ma'aikata na bin bashin albashi ko gari na fama da ƙishirwa.
2. Akwai kuɗin yin aikin bayan saye. Wanda ya sayi kango ya bar shi kango ya daskarar da dukiyar jama'a.
3. Farashi ya zama na kasuwa, wanda amintattun masana suka ƙiyasta, ba a kumbura shi ba.
4. Kada a ci bashi mai ruwa domin saye, domin riba haram ce ga hukuma kamar yadda take haram ga mutum ɗaya.
5. Duk ɗan majalisa ko ma'aikacin da ke da kaso a filin, shi ko danginsa, ya bayyana, ya cire hannunsa daga shawarar. Wanda ya ji labarin aikin ta hanyar ofishinsa, ya riga ya saye filin da araha don ya sayar wa hukuma da tsada, ya ci amana.

Na uku: tilasta wa wanda ya ƙi

Asali dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa. Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya zalunci wani ko da taƙi ɗaya na ƙasa, cewa za a rataya masa shi a wuya daga ƙassai bakwai ranar Alƙiyama.

Amma shari'a ta yi togaciya idan maslahar jama'a ta matsa. A shekara ta 17 bayan Hijira Masallacin Harami ya yi wa mutane kaɗan, sai Umar ya sayi gidajen da ke kewaye da shi. Wasu suka ƙi sayarwa, ya rushe gidajen ya ajiye kuɗinsu a baitulmali har suka zo suka karɓa. Usman ma ya yi haka a shekara ta 26. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa ko filin waƙafi ne, ana iya sayar da shi ko da tilas domin faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta, a sa kuɗinsa a wani waƙafin.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na huɗu a Jidda a shekara ta 1408 bayan Hijira, wato 1988, ta tattara sharuɗɗan wannan tilasci. Shugaba ne ko wakilinsa zai yi shi. A biya diyya ta adalci nan take, wadda masana suka ƙiyasta, ba ta gaza kuɗin kasuwa ba. Ya zama don lalura ko buƙatar jama'a, kamar masallatai da hanyoyi da gadoji. Kada filin ya koma abin juya jari, na hukuma ko na wani mutum, kuma kada a karɓe shi tun lokacin aikin bai zo ba. Idan sharaɗi ya faɗi, karɓar ta zama ƙwace. Idan kuma aka fasa aikin, mai filin ko magadansa su ne suka fi cancanta su mayar da shi da kuɗinsa na adalci.

Bisa wannan, aikin da kuka ambata kashi biyu ne. Asibiti da hanya, idan babu wani wurin da zai wadatar, ya halatta a tilasta saboda su tare da cikakken biya. Amma ɓangaren da za a ba wa 'yan kasuwa su gina kantuna da gidajen sayarwa, ba ya halatta a tilasta wa kowa saboda shi, domin wannan ɗaukar dukiyar wani ne a miƙa wa wani ya ci riba. A nan sai dai a daidaita da masu filin, ko a sa su cikin aikin su sami kasonsu.

Ga mazauna Nijeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke haƙƙin zama a fili saboda buƙatar jama'a, kuma mafi yawan diyyar da ta tanada ta gini ce da amfanin gona. Don haka mai filin da bai gina ba zai iya tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Abin da zai kuɓutar da shugaba a wurin Allah shi ne ya biya shi kuɗin da ya kai na filinsa, ko ya ba shi wani fili makamancinsa.

Na huɗu: nasiha ga masu filin

Ba ya halatta mutum ya bar filinsa ya zama cutarwa ga maƙwabta. Hukuma tana da ikon tilasta masa ya share ya katange, ko da ba za ta saya ba. Haka nan bai dace ya tsuga kuɗin da ya wuce hankali don ya ga an matsu ba. An ruwaito cewa Abbas ya ƙi sayar wa Umar gidansa da ke jikin masallacin Madina, suka kai ƙara wurin Ubayyu ɗan Ka'ab, ya ba Abbas gaskiya. Da haƙƙinsa ya tabbata, sai ya bayar da gidan sadaka ga Musulmi. Wanda Allah ya hore wa, ya yi koyi da shi ya sami sadaka mai gudana. Idan kuma akwai marayu a cikin magada, waliyyinsu ba shi da ikon yafe ko kwabo daga kasonsu.

Allah ne Mafi sani.