Daga Alje zuwa Ikko: Hanyar ayari da ta zama gudaro

Babbar hanyar da ta ratsa Sahara daga birnin Alje, a bakin Bahar Rum, har zuwa Ikko a gaɓar tekun Atlantika, tsawonta ya kai wajen kilomita 4,500. Ta biyo ta Gardaya, In Salah da Tamanrasat, ta shigo Nijar ta Asamaka, ta sauko Arlit da Agadas, ta keta Damargu ta garin Tanut, ta iso Damagaram. Daga nan ta miƙe zuwa Kano da Kaduna, har bakin ruwa.

Gudaron ne sabo, amma tsakanin Agadas da Kano sawun raƙumi ya riga tayar mota da shekaru ɗaruruwa. Ayarin Tarabulus yakan biyo ta Gat da duwatsun Abzin, ɗauke da takarda, da alharini, da takubba, da bindigogi. In zai koma sai ya ɗauki jemammun fatu, da gashin jimina, da hauren giwa, da baƙin tufa na marinar Kano, har da bayi, abin da tarihi ba ya ɓoyewa. Duk wannan kaya sai ya yada zango a Damagaram, kuma daga nan unguwar Zango ta samo sunanta. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya gane abin da Allah ya ajiye masa a ƙofar gida. Ya tsare hanya, ya karɓi fito, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. A wannan inuwa ce attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna.

Abin da ya karya ayarin kuwa ba yaƙi ba ne kaɗai. A 1911 layin dogo ya iso Kano daga kudu, kayan da ke yin watanni a bayan raƙumi suka koma isowa cikin kwanaki. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka kai Yamai, hankalin mulki ya juya gabas da yamma. Duk da haka gyaɗar wannan yanki ta daɗe tana bin tsohuwar hanya zuwa tashar jirgin Kano.

Bayan samun ƴancin kai aka farfaɗo da maganar. Aljeriya ta fara aiki a 1971 da samarin bautar ƙasa, a zamanin shugaba Bumediyan, gudaro ya kai Tamanrasat a 1978. A Nijar kuwa ma'adinin uraniyom ne ya yi gaba: hanyar da aka shimfiɗa masa daga Arlit da Agadas ta karkata zuwa Tawa, aka bar ɓangaren Agadas zuwa Damagaram, wanda shi ne na kaka da kakanni, a baya shekaru masu yawa.

Kamiyo ya gaji raƙumi. Dabino da taliya suna saukowa daga Aljeriya, shanu da tumaki suna gangarawa kasuwannin Najeriya, ƴan ci-rani kuma suna haurawa arewa, wasunsu a dawo da su Asamaka hannu rabbana. Da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, motoci sun yi jeri a bakin duwan, sai a Disamban 2020 aka buɗe.