Tarihin Ƙarfafa Bim na Kankare da Zaren Kabon

Sanannen abu ne ga ma'abuta gini cewa kankare, duk da juriyarsa ga nauyin da ya danne shi, rarrauna ne idan aka ja shi, shi ya sa ake binne masa rodi. Amma idan zamani ya tura, tsatsa ta ci rodin, ko aka ɗora wa gada lodin da ba a ƙaddara mata ba tun asali, sai bim, wato doron kankaren da ke kwance yana ɗauke da nauyin, ya soma lanƙwasa, tsaga ta bayyana daga ƙasansa. Maganin farko, wanda aka jarraba a Faransa da Afirka ta Kudu cikin shekarun 1960, shi ne liƙa farantin ƙarfe da gam, sai dai illarsa a fili take, domin ƙarfen nauyi gare shi, kuma shi ma tsatsa ba ta ƙyale shi.

Injiniya Urs Meier na cibiyar bincike ta Empa a Suwizalan, shi ne ya duƙufa tun shekarun 1980 kan musanya ƙarfen da zaren kabon da aka daskarar cikin gam, har hujjarsa ta tabbata a 1991 a gadar Ibach kusa da Lucerne, inda ma'aikata masu huda kankare suka ɓata ɗaya daga igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da ita, aka kuwa gyara ta da zaren kabon da bai kai kilo 7 ba, alhali da ƙarfe ne da sai wajen kilo 175. Lalle wannan hikima ce abar yabo. Girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ta yaɗa dabarar a Japan, sa'an nan Amurka ta tsara mata ƙa'idoji a 2002.

Mas'alar murɗawa ita ce ta jinkirta, ita ce kuma mai wuya, domin bim ɗin da nauyi ya faɗo masa ta gefe guda murɗewa yake yi kamar wanki a hannun mai matsa, tsagarsa tana zagaye shi a karkace, ba ta jin magani sosai sai an naɗe shi da zaren ta fuskoki huɗu. Ga shi kuwa galibi dakin, wato shimfiɗar kankaren sama, na zaune a kansa, fuska uku kaɗai hannu ke kaiwa, ala tilas a kafe bakin zaren cikin kankaren, in ba haka ba ya ɓanɓare tun ƙarfinsa bai ƙare ba.