Ma'aikaci da Soja a Zamanin Yaƙin Hitila: Daga Kano zuwa Bagadaza



Duk wanda ya tashi a Kabara ya san sunan Bagadaza tun kafin ya san sunan Ikko, domin can ne makwancin Shehu Abdulƙadir Jilani, kuma marigayi Shehu Nasiru Kabara ya ƙarfafa zumunci tsakanin 'yan Ƙadiriyyar Kano da wannan birni. To amma akwai wata dangantaka da ba kasafai ake ambatonta ba, wato ta talakawa masu cin guminsu. A yaƙin duniya na biyu, wanda iyayenmu suka sani da Yaƙin Hitila, leburan reluwe na Kano da takwaransa na Iraƙi duk kaya ɗaya suka ɗauka, kuma uban gida ɗaya suka ɗaukar wa, watau Ingila.

Bari mu fara da gida. Tun daga 1940 filin jirgin saman Kano ya zama zango a hanyar da jiragen yaƙi suke bi daga Takoradi zuwa Hartum da Alƙahira. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Turawa suka rasa kuzar da suke samu can, sai suka juyo Jos, aka shiga ɗibar mutane daga lardunan Arewa don aikin tilas a ramukan kuza, abin da ake kira ɗiban gwamna. Da yawa sanyin Filato da ƙarancin abinci suka halaka su. Gyaɗa kuwa aka matsa wa manoma su ƙara nomanta, jirgin ƙasa yana jigilarta zuwa teku. Samari kuma aka ɗebe su soja. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a dazukan Bama, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har suka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna duk daga wannan yaƙi suka samo sunansu.

A Iraƙi ma haka abin yake. A watan Mayu na 1941 sojojin Ingila suka tumɓuke gwamnatin Rashid Ali, daga nan tashar jiragen ruwa ta Basra da reluwen ƙasar suka koma hidimar yaƙi, ana bi da makamai ta wannan yanki zuwa Rasha. Kaya suka yi tsada, albashi ya tsaya cik, kamar dai yadda aka gani a kasuwar Kurmi.

Yanzu ga tambayar da nake so mu yi nazari a kanta. Idan ɗan'uwanka yana bakin daga, shin ya halatta ka ajiye aiki don neman haƙƙinka? Amsar Turawan mulki a fili take: wanda duk ya yi yaji a lokacin yaƙi ya ci amanar soja. Dokar 1938 ta yarda a kafa ƙungiyoyin ƙwadago, kuma a 1942 Gwamna Bourdillon ya ba da kuɗin rage tsadar rayuwa, wanda ma'aikata suke kira Kola. Amma da shugaban ƙungiyar ma'aikatan reluwe, Michael Imoudu, ya ci gaba da matsa lamba, sai aka tsare shi a 1943 da sunan dokar tsaron ƙasa, ba a sake shi ba sai 1945.

Ma'aikata sun yi haƙuri har Jamus ta faɗi a watan Mayu na 1945. A ƙarshen watan Yuni, ana nan ana gwabzawa da Japan, ma'aikata fiye da 30,000 suka shiga yajin gama-gari wanda ya kai kwana 44. Jirgin ƙasa ya tsaya, harkar gidan waya ta tsaya, Zariya kuwa, da yake ita ce mahaɗar reluwe, ta zama cibiyar yajin a Arewa. Gwamnatin Richards ta ƙi saurara da fari, amma kwamitin Tudor Davies ya binciki kukan ma'aikata, a 1946 aka ƙara musu kuɗin Kola.

A wannan shekara ta 1945 ma'aikatan reluwen Iraƙi su ma suka yi yaji, gwamnati ta rushe ƙungiyarsu. A Yulin 1946 ma'aikatan mai na Kirkuk suka taru a lambun Gawurbagi suna neman ƙarin albashi, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe wasu daga cikinsu. Ba sai sun yi shawara da juna ba. Wanda ya kwana da yunwa a Fagge da wanda ya kwana da ita a Basra magana ɗaya za su yi. A shekarar 1945 ce kuma aka yi babban taron ƙungiyoyin ƙwadago na duniya a Landan, inda T. A. Bankole ya wakilci ma'aikatan Nijeriya.

Ni a ganina zargin cin amana bai tsaya da ƙafarsa ba. Sojan da ke Bama ɗan manomin gyaɗa ne, ƙanen leburan tasha ne. Matarsa da 'ya'yansa a kasuwa ɗaya suke sayen dawa da iyalin mai yajin. Tsadar da ma'aikaci ya tashi yaƙa, ita ce take cin gidan sojan a bayan idonsa. Ga shi kuma da sojojin suka dawo a 1946, da yawansu suka tarar babu aikin da aka tanadar musu, suka shiga sahun masu nema. Ashe son soja daban, biyayya ga mai aika shi daban. Cikin wannan yanayi na bayan yaƙi ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950.

Saboda haka, ku ma'aikatan gwamnati da ku ɗalibai masu shirin zama ma'aikata, duk ranar da aka ce muku ku yi shiru domin sojoji suna daji, ku tambaya: shin an biya sojan haƙƙinsa? Iyalin wanda ya rasu sun karɓi nasu? Ƙungiyar da ta nemi amsar waɗannan tambayoyi tare da nata buƙatun, ita ce ta goyi bayan soja da gaske.

Allah ya sa mu dace.