Daga Kano zuwa Jidda: shekaru, watanni, sa'o'i

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400. Kafin Afrilun 2023, jirgin alhazai kan ci wannan tafiya cikin sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar, har ma maniyyaci ya yi sallar asuba a Kano, ya riski la'asar a gaɓar Bahar Maliya.

A farkon ƙarni na 20, wanda ya fita daga cikin birni da niyyar Hajji sai ya biya bashi, ya nemi gafarar dangi da maƙwabta, domin ba kowa ke dawowa ba. Hanyar kuwa gabas ta nufa: Borno, Fort Lamy da ake kira Njamena a yau, Abeche, Alfashir, El Obeid, Omdurman, sannan Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa. Guzuri kan ƙare tun ba a raba hanya biyu ba, sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago har a tara na gaba. Ta haka tafiyar ke cin shekaru. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, matafiya da yawa suka sami aiki a can, wasunsu kuma daga nan tafiyar ta tsaya. Jikokinsu na Sudan har gobe, suna jin Hausa.

A wannan shekarar ce kuma, ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman na Biyu, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa da ke wajen ganuwa, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Sun baro Helwan ta ƙasar Masar ranar 27 ga Oktoba, suka ratso Sudan da Chadi suna yada zango, kusan a kan sawun alhazai. Ba don alhazan aka zo ba. Hanyar daular Ingila ake aunawa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartoum da Kano, amma kujera a jirgi ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Attajiran Kano ne suka rage wa maniyyaci wahala. A ƙarshen shekarun 1940 wasu daga cikinsu, har da Alhaji Mahmud Ɗantata, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da aka fi sani da WAPA. Motocinta suka mayar da shekaru watanni, kafin jirgin sama ya mayar da watannin sa'o'i. Sunan bai ɓace ba: shi ne Wapa ta Fagge, matattarar 'yan canji.

Sai dai har yanzu miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Sudan take bi. Da yaƙi ya ɓarke a can a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Najeriya suka yi zagaye. Sa'o'in tafiya suka ƙaru, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi ana dab da fara jigila. Garuruwan da jiragen suka kauce wa, irin su Alfashir da Omdurman, su ne tsoffin zangunan kakanni, kuma cikin waɗanda yaƙin ya rutsa da su akwai zuriyar mutanen da suka baro ƙasar Hausa a ƙafa ba su kai Jidda ba.