Zumurrudun Gwantu: Dutsen da Suna Ke Yanke wa Farashi

Tun kafin a san kudancin Kaduna da duwatsu masu daraja, kuza ce ta fara jawo mahaƙa zuwa yankin. Layin dogo ya iso Kafanchan a shekarun 1920, garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, kuma a ramin kuza ne aka tono gumakan yumɓun Nok a 1928. Mutanen yankin sun daɗe da sanin diga, shebur da kwanon wanke ƙasa.

A farkon shekarun 1980 sai wani sabon labari ya ɓulla. An fara samun kore-koren duwatsu masu sheƙi a kewayen Gwantu, wadda a yau take hedikwatar ƙaramar hukumar Sanga, da kuma wajen Nasarawa Eggon, wadda a lokacin take cikin tsohuwar jihar Filato. A daidai wannan zamani ake haƙo shuɗin yaƙutu a ƙasar Jama'a. Manoma suka ajiye fartanya suka shiga rami, dillalai daga Senegal da Mali da Gini suka cika Jos, daga can kuma kaya ya nufi Bangkok ko garin Idar-Oberstein na Jamus, inda ake yanka duwatsu a goge su.

Da dutsen ya isa kasuwar duniya, gardama ta tashi a kan sunansa. Zumurrudu ɗan gidan wani ma'adini ne da masana ke kira beril. Idan sinadarin kuromiyam ko banadiyam ya rina shi, yakan yi kore shar, a kira shi zumurrudu. Idan ƙarfe ne ya ba shi launi, sai ya yi fatsi-fatsi, ko ya karkata zuwa shuɗi, a ce koren beril ne kawai, kuɗinsa ya faɗi warwas. Na Najeriya da yawa sun tsaya a tsakiya: garai-garai suke, ba yawan tsaga, amma korensu na da sirkin shuɗi. Wasu 'yan kasuwa suka ƙi amincewa da su. A 1996 masana uku, Dietmar Schwarz da Jan Kanis da Judith Kinnaird, suka wallafa bincike a wata mujallar ilimin duwatsu ta Landan, suka nuna cewa a yankin ana samun iri biyun duka. Brazil ma ta sha irin wannan ja-in-ja a shekarun 1960, kafin a karɓi dutsenta mai banadiyam.

Shi kansa sunan ya yi doguwar tafiya. Girkawa na cewa smaragdos, kuma da shi suke kiran koren dutse iri-iri, har da wanda ake haƙowa a hamadar gabashin Masar. Kalmar ta bi ta Latin da tsohon Faransanci ta zama emerald a Turanci. Wani reshenta ya shiga Farisanci da Larabci a matsayin zumurrud, malamai suka kawo mana shi cikin littattafai. Ke nan Bahaushe ya san zumurrudu a hikayoyin sarakuna shekaru aru-aru kafin a gano akwai shi a kudancin Kaduna.

Abin da tarihin Gwantu ke nunawa shi ne, mai haƙa ba shi ke da ikon raɗa wa dutse suna ba. Ɗakin gwaji ne ke yanke hukunci, takardar shaidarsa kuma ita ke tsayar da farashi. Kolombiya da Zambiya sun gina sunan zumurrudunsu har ana biyan kuɗi don asalinsa. Namu kuwa yawanci ɗanye yake fita, a sayar da shi a bakin rami bisa kintace. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasisi ga ƙananan mahaƙa, amma muddin gwaji da yanka da gugar dutse suna ƙasashen waje, ribar ma can za ta riƙa tsayawa.