Tarihin Hular Jinjiri

A ƙasar Hausa ta da, aikin tufa a rabe yake. Mata ke gurzar auduga, su yi kaɗi da mazari. Galibi maza ke saƙar tufa da ɗinki. Har surfanin riga, irin su aska takwas, aikin maza ne.

Saƙar ulu da ƙwarashi baƙuwa ce, zamanin Nasara ta shigo. Bayan samun mulkin kai a shekara ta 1960, aka yi ta buɗe gidajen koya ma mata sana'a cikin birane. Ƙungiyar Matan Nijar, wadda aka kafa a 1975, ta ƙara ma aikin ƙarfi. Mata su taru, wadda ta iya ta nuna ma mai koyo. Suna saƙa hular jinjiri da safa, don ranar suna da lokacin ɗari.

Hular nan ba a yar da ita. Uwa ta wanke, ta adana cikin akwati, ƙane ya gaji wansa.

Da gwanjo ya cika kasuwa, masu saƙa suka ragu. Don haka, wadda ta iya ta koya ma ɗiyarta, kada sana'ar ta bi tsofaffi kushewa.