Katse layukan sadarwa a Jihar Katsina (2021)

Katse layukan sadarwa a Jihar Katsina mataki ne da aka ɗauka a watan Satumban 2021, inda aka rufe layukan waya da intanet a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta ce manufar ita ce hana ƴan bindiga magana da masu kai musu bayanai. An fara dawo da layukan a watan Disamban shekarar.

Asali

Ƙananan hukumomin uku suna cikin yankin jihar da ya daɗe yana fama da satar shanu da garkuwa da mutane. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Jihar Zamfara ce ta fara rufe layukanta a farkon Satumban 2021, bisa umarnin Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, sannan Katsina ta biyo baya.

Tasiri

Rufewar ta dakatar da sana'ar POS da tura kuɗi ta waya. Mutane sun riƙa zuwa garuruwan da ke da sabis domin kiran ƴan uwa. Haka kuma ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran jami'an tsaro.

Muhawara kan jin ra'ayin jama'a

Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba NCC ikon dakatar da ayyukan sadarwa a lokacin gaggawa. Dokar ta kuma tanadi zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙa'idojin hukumar, amma umarnin rufewar ya fito ne daga ɓangaren zartarwa, mazauna yankin ba su da ta cewa. Masu goyon baya sun ce sanarwa da wuri za ta ankarar da ƴan bindiga. Ƙungiyar SERAP kuwa ta nemi a janye matakin, tana mai cewa ya tauye haƙƙin faɗin albarkacin baki.

Lamarin ya zo daidai da dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wanda Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa doka a hukuncinta na Yulin 2022.